Lokacin da Muka Ɗauka Kitse Bebe Ne

Sa'ad da muke yara a Birnin Yauri, idan mutum ya yi tafiya ya dawo aka ga wuyansa ya cika, kumatu sun fito, riga ta fara ɗagewa ta gaba, barka ake yi masa. Mata su ce ya murje, maza su ce wuri ya karɓe shi, tsofaffi su ce Allah ya ƙara rufin asiri. Ramamme shi ake kallo da tausayi, a yi ta tambayar ko lafiya, ko matarsa ba ta iya tuwo ba. Mutanenmu suna da dalilinsu. Duk wanda ya ga abin da zazzaɓi da gudawa da tsargiya suke yi wa jikin ɗan Adam a bakin ruwa, ya san tsoka ajiya ce. Mai ɗan kitse idan ciwo ya kwantar da shi yana da abin da jiki zai ci kafin ya tashi. Marar shi kuwa sai yadda Allah ya yi.

Kawuna, wan mahaifiyata, bai taso da tumbi ba. Yana saurayi aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya hau ya cinye gungaye da tungaye, aka tashi mutane wajen dubu 44 daga gidajen kakanninsu. Kawu masunci ne ɗan masunci. Mahaifiyata takan ce kafin kiran assalatu ya riga ya yi nisa a kan ruwa, filafili a hannu, ba ya dawowa sai rana ta take, kuma idan ya tuɓe riga kana iya ƙirga haƙarƙarinsa duk da cewa yana cin tuwon mutum uku. Shekarun farko na tafkin kifi ya yi albarka. Kawu ya tara jari, ya bar jefa koma ya shiga sayen banda, yana ɗaure karfasa da tarwaɗa ana loda su a mota zuwa kudu. Ya sayi jirgi mai inji ya ba yara, daga baya ya ƙara na biyu. Aikinsa ya koma zama a kan benci a bakin ruwan Yelwa yana lissafi. Da safe mai shayi ya haɗa masa mai kauri da burodi, da rana shinkafa da mai, baƙo ya zo a aika a sayo lemon kwalba, ba kuwa za a bar baƙo ya sha shi kaɗai ba. Ya sayi babur, ƙafa ta huta. Ya sauke farali ya dawo Alhaji. Mu yara idan ya shigo gida muna alfahari da yadda yake cika ƙofar zaure.

Uwargidansa ce ta fara lura. Ta ga kiyashi suna yin layi a makewayi, a daidai inda yake tsugunawa, ba sa zuwa wurin kowa sai nasa. Ta ga butar da ake cika masa da dare tana wayar gari babu ko ɗigo, ga fita sau huɗu sau biyar kafin asuba. Ta ce, "Alhaji, ka lura da kiyashin nan kuwa?" Ya ce ta bar shi da zancen kiyashi. Sai da ya fara zubewa, wando ya daina zama a ƙugu, ƴan uwa suka fara raɗe-raɗin ko jifa ne abokan kasuwa suka yi masa, sannan ya yarda aka kai shi asibiti, wajen ƙarshen shekarun 1990. Ni na raka shi. Aka soki yatsa, aka auna, aka ce ciwon suga ne. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya rubuta ƙwayoyi sannan ya ce, "Baba Alhaji, sai fa an rage wannan cikin." Kawu ya shafa abin da ya saura na tumbinsa ya ce, "Likita, shi kuma me ya yi? Ai yana zaune abinsa, bai ce wa kowa komai ba."

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina, domin ba jahilci ba ce. Shekaru kaɗan kafin wannan rana, manyan littattafan koyon likitanci ma kusan haka suke kallon kitse: rumbu ne, ana zuba rarar abinci a ciki, ana ɗiba idan an shiga yunwa, shi ke nan. An san masu ƙiba sun fi kamuwa da ciwon suga, amma ta wace hanya rumbu zai cutar da mai gida?

Abin da aka riga aka sani shi ne aikin insulin, wanda Banting da Best suka fitar a Toronto a 1921. Wanda ya san bakin ruwan Yelwa ranar kasuwa zai gane shi da sauƙi. Jini kogi ne, suga kaya ne da jirage suke kawowa bayan an ci abinci, tsoka da hanta da kitse su ne shagunan da za a shigar da kayan. Insulin shi ne mai kiran ƴan dako. Wata ƴar gaɓa da ke kwance a bayan ciki, wadda likitoci suke kira fankiriyas, ita take aiko shi. Ya yi kira, ƙofofi su buɗe, a kwashe kaya, bakin ruwa ya zama fayau. A 1936 wani likitan Landan, Harold Himsworth, ya nuna cewa masu ciwon suga kashi biyu ne. Akwai waɗanda mai kiran ne babu, akwai kuma waɗanda yana nan yana ta kira amma an yi masa kunnen ƙashi. Na biyun su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, kuma cikinsu kawu yake. A jikinsu fankiriyas takan yi ta ƙara masu kira shekara da shekaru, suga yana shiga da ƙyar, mutum bai san ana yi ba, har ranar da muryarta ta dushe, kaya su taru a bakin ruwa su fara malala cikin fitsari. Lokacin da kiyashi suka zo, an daɗe da fara rigimar.

Wanda ya fara karya maganar rumbu ɓera ne. A 1949, a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, aka haifi wasu ɓeraye da ba sa ƙoshi, suna ci har su kai ninki uku na ƴan uwansu. Douglas Coleman ya shafe shekaru yana ɗinke jikin irin wannan ɓera da na lafiyayye don jininsu ya gauraya, ya ga mai ƙibar ya rage ci, ya ce lallai akwai wani abu a jini da yake cewa "an ƙoshi". Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a New York ya kamo abin, aka sa masa suna leftin, kuma kitse ne da kansa yake yin sa ya aika wa ƙwaƙwalwa. Shekara guda kafin nan Hotamisligil da Spiegelman sun nuna cewa kitsen ɓera mai ƙiba yana fitar da sinadarin kumburi. A 1995 da 1996 aka gano adifonektin a Amurka da Japan, wanda shi kuma taimaka wa insulin yake yi, yana raguwa idan ƙiba ta ƙaru. Wato a daidai shekarun da kawu yake cewa tumbinsa bai ce wa kowa komai ba, masu bincike suna ta tsintar wasiƙun da tumbi yake aikawa cikin jini.

Wasiƙar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce wadda aka bayyana a mujallar Nature a watan Janairun 2001, daga ɗakin binciken Mitchell Lazar a Jami'ar Fensilbaniya da ke Filadelfiya, sunan Claire Steppan a kan gaba. Yadda suka yi aikin abin sha'awa ne, domin ta baya suka biyo. Akwai wani rukunin magungunan ciwon suga, irin su rosiglitazon da ake sayarwa da sunan Avandia, waɗanda aka san suna sa jiki ya koma jin maganar insulin, kuma an san a kitse suke aiki. Sai suka ce, idan maganin yana gyara ta hanyar kitse, wataƙila akwai wani mai ɓata tsakani da yake rufe wa baki. Bari a nemo shi.

Suna da wasu ƙwayoyin jikin ɓera da ake renonsu a faranti tun shekarun 1970, aikin Howard Green, ana ce musu 3T3-L1. Da farko sirara ne, shimfiɗe a gindin faranti cikin wani ruwa ja-ja, a cikin akwati mai ɗumin jikin mutum. Idan aka zuba musu haɗin sinadarai uku, cikin mako guda ko fiye kaɗan sai su kumbura su zama kewayayyu, ɗigon mai ya cika su, a sa musu jan rini a duba a madubin likita a gan su kamar an watsa manja. Ɗaya daga cikin sinadaran ukun nan deksametazon ne. Na ambace shi da gangan, domin yana cikin ƙwayoyin da wasu ƴan matanmu suke saye a kemis da sunan sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki, alhali magani ne da aka tabbatar yana ɗaga suga yana ƙara wa jiki kunnen ƙashi ga insulin. Abin da mai bincike yake ɗigawa a faranti da awo, ƴarmu tana haɗiyarsa ba lissafi, kuma wannan yana ci mini rai.

To, suka raba farantan biyu, wasu aka sa musu maganin wasu ba a sa ba, aka duba wane saƙo ne ƙwayoyin kitse suke yi da yawa wanda maganin yake dannewa. Suka samu wani ƙaramin furotin da kitse yake fitarwa cikin jini. Suka auna shi a ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai maiƙo da waɗanda suka gaji ƙiba, suka ga ya hau. Suka yi wa lafiyayyun ɓeraye allurarsa, sugansu ya ƙi sauka yadda ya kamata. Suka yi wa masu ƙiba allurar wani abu da yake kama shi ya ɗaure, sugansu ya gyaru. Saboda yana sa jiki turjiya ga insulin, suka raɗa masa suna rezistin. A kanun takardar ma suka ce wannan sinadari shi ne ya haɗa ƙiba da ciwon suga. Jaridun duniya suka ɗauka. Aka fara fatan za a samu magani da zai toshe shi, a raba mai tumbi da ciwon suga.

Murnar ba ta yi shekara ba aka fara jin wata magana. Masu bincike na kamfanin GlaxoSmithKline suka auna a kitsen nasu ɓerayen masu ƙiba, suka ga saƙon rezistin ya ragu maimakon ya ƙaru. Mafi nauyi kuma shi ne abin da ya fito daga Kambirij ta Ingila da kuma Suwidin a cikin 2001 ɗin: an ɗebo kitsen mutane, an ware ƙwayoyin kitsen zalla, an nemi rezistin, da ƙyar aka ga alamarsa. A jikin ɗan Adam fararen ƙwayoyin jini ne suke yin sa, sojojin da suke yaƙi da cuta. Na ɓera da na mutum ma kamarsu ba ta wuce kusan kashi 60 cikin ɗari ba. Aka yi ta auna jinin jama'a a ƙasashe daban-daban, wasu su ce sun ga alaƙa da turjiyar insulin, wasu su ce ba su gani ba. Mutane da dama suka ce kallon kitse aka yi wa rogo.

Ni ban ga haka ba, kuma abin da ya biyo baya ya sa nake girmama masu wannan aiki. Ba su yi gardamar baki ba, ɗaki suka koma. A 2004 ɗakin Lazar ya samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon rezistin ɗungurungum, aka ga idan sun kwana da yunwa sugansu ya fi na sauran sauka, saboda hantarsu ta rage zuba suga cikin jini. Wato a ɓera dai maganar farko tana da tushe. A 2003 kuma wasu rukunoni biyu a Amurka suka gano wani abu da ya ɗinke ɓarakar: idan kitse ya yi yawa, sojojin jini suna kwarara cikinsa su yi sansani, kamar wurin da ya yi rauni. Kitsen mai tumbi yana cikin wani ƙaramin kumburi marar zafi wanda ba ya lafawa. A 2009 ɗakin Lazar ya yi ɓerayen da aka ɗora musu tsarin ɗan Adam, sojojin jininsu ne suke yin rezistin irin na mutum, aka ba su abinci mai maiƙo, sai kumburin kitsensu ya tsananta, turjiyar insulin ta ƙaru. Saƙon yana nan, illa dai a jikinmu ba mai gidan ne yake rubuta shi ba, baƙin da ya tara ne. Har yau ba a kai ga maganin da ake ba majiyyaci don toshe rezistin ba, kuma likita ba ya aika kowa gwajinsa don gano ciwon suga. Shi kansa Avandia da ya buɗe hanyar, an dakatar da shi a Turai a 2010 saboda fargabar illa ga zuciya.

Abin da ya sa wannan labari na Filadelfiya ya dame ni a matsayina na ɗan bakin tafki shi ne wannan sauyin na ƙarshe. Idan a jikin mutum rezistin na sojojin jini ne, to duk abin da ya tayar da sojoji zai iya taɓa shi. An ga yana hawa sosai a jinin masu tsananin cutar da ƙwayoyin cuta suka shiga jini. A 2015 wasu masu bincike a Kalifoniya suka ba da rahoton cewa yana hawa a jikin masu tsutsar ciki da dangoginta. Yanzu a dubi yaron da ya tashi a Wara ko Shanga ko wata tunga a Ngaski, yana wanka a ruwan da ke da tsargiya, sauro yana cizonsa kowace damina, zazzaɓi yana kayar da shi sau da yawa kafin ya yi gemu. Sojojin jininsa ba su taɓa samun dogon hutu ba. Idan wannan yaro ya girma ya samu abin hannu ya ajiye tumbi kamar kawu, a ganina ba daidai ba ne a ɗauko awon da aka yi a jikin wanda bai taɓa jin sanyin zazzaɓin cizon sauro ba a ce shi ne nasa. Idan ɓera da mutum sun saɓa haka a kan sinadari ɗaya, to mutum da mutum ma sai an gwada.

An fara gwadawa, kuma ya kamata a faɗi sunayen waɗanda suka yi. A Zariya, Bakari da Onyemelukwe na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun auna turjiyar insulin a jikin masu ciwon suga tun farkon shekarun 2000. A Sakkwato, Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulanin birni suka samu kashi 4.6 cikin ɗari suna da ciwon suga, suka auna na karkara suka samu kashi 0.8. Jini ɗaya, yare ɗaya, bambancin kawai wani yana bin shanu da ƙafa wani yana zaune a gari. Da na ga waɗannan alƙaluma kawu na tuna, da filafilinsa da bencinsa. Binciken ƙasa na 1992 ya sa masu ciwon a kashi 2.2 cikin ɗari. Zuwa 2018, da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokansa suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a faɗin Najeriya, adadin ya kai kashi 5.77, arewa maso yamma tana da mafi ƙaranci, kashi 3. Kada wannan ƙarancin ya sa mu yi barci, domin shiyyarmu ce ta zo a makare wajen barin turmi ta koma injin niƙa, ta bar jaki da ƙafa ta hau acaɓa. Babban binciken ciwon suga na Afirka da Charles Rotimi ya jagoranta ya kafa cibiyoyinsa na Najeriya a Ibadan da Legas da Inugu. Jinin mutanen bakin Kwara na sama yana buƙatar masu auna shi su ma.

Auna irin waɗannan sinadarai ba sihiri ba ne. Ana ɗibar jini da safe kafin a karya, a juya shi a inji har ruwansa ya rabu, a daskarar da ruwan a firiza. Ranar aiki a ɗiga shi a wani faranti mai ƙananan ramuka 96, a wanke, a ƙara sinadarai, ramukan su yi shuɗi sannan su koma rawaya, na'ura ta karanta kaurin launin. Ɗalibin kimiyyar gwaje-gwaje zai iya. Abin da yake karya gwiwa shi ne tsadar kayan da ake sayowa da dala, da kuma sanyin da ba a son ya yanke ko na kwana ɗaya. Wuta ta ɗauke, firiza ta narke, aikin wata shida ya tafi.

Sanyin nan shi ne abin da gidan kawu ma suka yi ta fama da shi a ƙarshe. Ƙwayoyi sun riƙe shi shekaru, ya rage shayi, ya koma tuwon dawa da miyar kuka, ya riƙa takawa da ƙafa zuwa masallacin da ya fi nisa. Daga baya aka mayar da shi kan allurar insulin. Uwargidansa ta samo ƙaramin tulu ta sa a cikin babba, ta cika tsakaninsu da yashi, tana jiƙa shi safe da yamma, kwalbar maganin tana ciki a ƙulle a leda, a kusurwar ɗaki inda rana ba ta kaiwa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yauri yake hana barci, sau uku take jiƙa yashin. Wata rana ya taka ƙashin kifi a tsakar gida bai ji ba, sai da aka ga jini a tabarma. Miki ya ƙi warkewa. Wannan ƙafa ita ce ajalinsa.

Bara na je gaisuwa gidan. Babban ɗansa, wanda ya gaji cinikin, ya tarbe ni a zaure, ya kusa cika ƙofar kamar yadda mahaifinsa yake yi. Yanzu ba ya ma zuwa bakin ruwa kullum, ta waya ake gaya masa kayan da suka iso. Ya aika yaro ya sayo lemo, na ce a kawo mini ruwan randa. Muka daɗe muna hira, na ba shi labarin ɓerayen Filadelfiya da sojojin da suke sansani a tumbi, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sai ya kira ƙanwarsa mai ɗinki ta kawo tef ɗin awo. Na zagaya masa shi a daidai cibiya, ya nuna santimita 108. Na gaya masa likitoci suna fara jan kunnen namiji tun daga 94. Ya karɓi tef ɗin ya sake aunawa da kansa, ya dubi lambar, ya ce, "Yaya, gobe kafin in karya za ka raka ni a soki yatsan?" Na ce ƙarfe bakwai ina ƙofar gida.